Yadda Ake Duba Wanda Ya Ji Rauni Kafin a Kai Shi Asibiti

Tambayar da masu koyon aikin agajin gaggawa suka fi yi mini, ko a aji ko ta waya, guda ɗaya ce: idan na sauka daga mota na tarar da mutum kwance jina-jina, daga ina zan fara? Cikin masu tambayar akwai ɗaliban jinya, akwai 'yan sa-kai na ƙungiyoyin agaji, akwai sababbin ma'aikatan motar ɗaukar marasa lafiya, har da direbobin da suka gaji da tsayawa suna kallo. Amsar ita ce duba mai rauni yana da tsari, kuma an jera tsarin ne bisa abin da ya fi saurin kashe mutum. Ido yakan tafi wajen raunin da ya fi muni, kunne kuma ya tafi wajen wanda ya fi ihu, don haka ake ta maimaita horo har hannu ya saba bin tsari ko da ido da kunne sun ja wani wajen. Abin da ke ƙasa shi ne jerin da nake koyarwa, kuma karanta shi ba zai ɗauke wa kowa zama gaban malami ya gwada da hannunsa ba.

1. Haɗa jaka tun kafin kira ya zo

Abin da ba a fita sai da shi: safar hannu da yawa, takunkumi, almakashi mai kaifi wanda zai yanke wandon jins, tocila, agogo mai sandar daƙiƙa, goz da bandeji, filasta, maɗaurin tsayar da jini wanda ma'aikata ke kira tonike, abin sauraren ƙirji, abin awon jini, 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa don auna oksijin, na'urar gwada sukari, bargo, biro da takarda. A cikin mota kuma a tabbatar da tukunyar oksijin tana da iska, jakar hura numfashi tana aiki, na'urar zuƙe ruwa daga baki tana da caji.

Ta fuskar kuɗi, safar hannu da goz da bandeji su ne mafi arha kuma su ne ke saurin ƙarewa, saboda haka a saye su da kwali. Inda bai kamata a nemi araha ba shi ne tonike, domin jabunsa ya cika kasuwa, kuma sandarsa takan karye daidai lokacin da aka murɗa ta da ƙarfi. Wanda aka yi atisaye da shi a ware shi, kada a mayar da shi jakar aiki.

2. Tsaron wuri

Kafin ka taɓa kowa, sa safar hannu ka tsaya ka kalli wurin. A kan babbar hanya irin ta Kaduna zuwa Kano, motar da ke tahowa a guje ita ce haɗarin farko, don haka a ajiye motar asibiti ta yadda za ta kare wurin, a kunna fitilu, a tura mutum nesa ya riƙa tsayar da motoci. A duba warin fetur, wayar wuta da ta faɗo, motar da ke jingine za ta iya kifewa, da kayan tirela da ke shirin zubowa. Idan harbi ko faɗa ne ya jawo raunin, ba a shiga sai jami'an tsaro sun tabbatar an lafa. Idan ana bukatar ƙarin hannu, a kira 112, ko lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, 122, tun yanzu.

Gargaɗi: idan tankar mai ce ta faɗi, a ja baya da nisa, a hana kunna mota ko sigari, kada kuma a biye wa masu zuwa da jarka.

Taron jama'a ba a korarsa da tsawa. Zaɓi dattijo ɗaya ko wani mai murya ka ce, "Baba, don Allah ka taimake ni su ja baya ya sami iska." Ba wasu aiki, wani ya riƙe tocila, wani ya riƙe zane ya yi labule. Wanda aka ba aiki yakan daina ɗaukar hoto da waya.

3. Karanta hatsarin, ka ƙirga mutanen

Yadda abin ya faru yana faɗa maka raunin da ba ka gani ba. Sitiyarin da ya lanƙwashe yana nuna ƙirjin direba ya bugu, gilashin gaba da ya tsage kamar saƙar gizo yana nuna kai da wuya, ɗan acaɓan da ya tashi sama ba hular kwano sai a ɗauka kansa da ƙashin bayansa sun taɓu. Wanda mota ta wurgo waje, ko wanda wani ya rasu a cikin motar da yake, ko babban da ya faɗo daga tsayin da ya kai mita 6, ko yaron da ya faɗo daga abin da ya ninka tsawonsa biyu zuwa uku, duk ana ɗaukarsu masu mummunan rauni ko da suna tsaye suna magana. A leƙa ƙarƙashin mota, cikin kwalbati da ciyawar gefen hanya, domin a nan ake mantawa da jarirai.

Idan masu raunin sun fi ma'aikata yawa, sai a tantance su, a raba su rukuni huɗu da ake kira da sunan launuka. A ɗaga murya a ce duk mai iya tafiya ya koma gindin wancan itace, waɗannan su ne rukunin kore, wato waɗanda za su iya jira. Cikin sauran, wanda numfashinsa ya wuce 30 a minti, ko ba a jin bugun jini a wuyan hannunsa, ko ba ya iya bin umarni mai sauƙi, shi ne ja, kuma da shi ake farawa. Wanda ba ya iya tashi amma ya tsallake waɗannan ukun rawaya ne, shi ake dubawa bayan ja. Wanda aka buɗe masa hanyar iska kuma bai yi numfashi ba, baƙi ne, wato ba a sa ran cetonsa, sai a wuce zuwa na gaba, duk da nauyin da hakan ke da shi a zuciya.

4. Kallon farko da jini mai tsartuwa

Ka tunkari majiyyaci ta gabansa don kada ya juya wuya ya neme ka. Abokin aikinka ya durƙusa ta wajen kansa ya riƙe kan da hannu biyu, kai kuma ka ce, "Sannu Malam, ni ma'aikacin lafiya ne, kada ka motsa kanka. Mene ne sunanka?" Idan ya amsa da murya sarai, ka sami labari uku a lokaci ɗaya: maƙogwaronsa a buɗe yake, yana numfashi, kuma jini yana kai wa ƙwaƙwalwarsa.

A da ana koyar da haruffan A, B, C, D, E kawai, wato hanyar iska, numfashi, zagayawar jini, hayyaci da buɗe jiki, amma yanzu an sa jini mai tsanani a gabansu, domin babbar jijiyar cinya idan ta yanke za ta iya ƙarar da mutum cikin 'yan mintuna. Idan ka ga jini yana tsartuwa, ko yana malala ya jiƙe tufafi ya yi tafki, danna wurin da ƙarfi nan take. Idan hannu ne ko ƙafa kuma dannawa ba ta tsayar ba, ɗaura tonike kamar santimita 5 zuwa 7 sama da raunin, kada ya hau kan gwiwa, ka murɗa har jinin ya tsaya, sannan ka rubuta lokacin a jikinsa ko a goshin majiyyacin. Idan a matse-matsi ne ko hammata inda tonike ba ya zama, cusa goz cikin ramin raunin har ya cika, ka danna da nauyin jikinka na kamar minti 10 ba ɗagawa.

Gargaɗi: tonike yana da zafi ƙwarai, majiyyaci zai roƙe ka ka sassauta, 'yan uwansa ma za su sa baki. Kada ka sassauta, a asibiti ake kwance shi. Idan babu na gaske, a yi amfani da ƙyalle mai faɗi kamar ɗankwali da sanda mai ƙarfi, amma ban da igiya, waya ko robar taya. Kada kuma a bari a zuba ƙasa, toka ko baƙin mai a kan rauni.

5. Hanyar iska

Kasa kunne kusa da bakinsa. Minshari yana nufin harshe ya koma baya ya tare hanya, ƙarar gwaɗ-gwaɗ tana nufin jini ko amai ya taru, shaƙaƙƙiyar murya mai kama da shewa kuwa kumburin maƙogwaro ce, musamman ga wanda wuta ta ƙona wa fuska. Ga mai rauni ba a tanƙwara kai baya. Ana sa yatsu a bayan kusurwar muƙamuƙi ta ɓangarorin biyu a turo shi gaba, kai yana nan yadda yake. A zuƙe jini da amai, a cire karyayyen haƙori ko goron da ake gani, amma kada a zura yatsa ana lalube. Robar baki mai riƙe harshe ana sa ta ne ga wanda ya suma ƙwarai, domin mai ɗan hayyaci za ta sa shi amai. Idan amai ya taho kuma babu na'urar zuƙa, a juya shi gefe gaba ɗaya kamar gungume, kai da wuya da gangar jiki a layi ɗaya. Kare wuya yana da muhimmanci, amma idan ya ci karo da numfashi, numfashi ne a gaba.

6. Numfashi

Buɗe ƙirji ka gani da idonka. Ƙirga numfashi na daƙiƙa 30 ka ninka biyu, babba mai lafiya yana yin 12 zuwa 20 a minti. Duba ko ɓangarorin biyu suna tashi daidai, ko akwai rami mai tsotsar iska yana kumfa, ko wani yanki na haƙarƙari yana lotsawa ciki lokacin da sauran ƙirji ke tashi. Shafa da tafin hannu, idan ka ji ƙas-ƙas ƙarƙashin fata iska ce ta ɓalle daga huhu. Saurari ɓangarorin biyu, sama da kuma wajen hammata. Ramin ƙirji ana rufe shi da abin liƙi na musamman, ko leda mai tsafta da aka liƙe gefe uku aka bar ɗaya don iska ta fita. Mai mummunan rauni a ba shi oksijin lita 15 a minti ta takunkumi mai jaka, a nemi ma'aunin yatsa ya kai 94 ko sama. Idan numfashin ya yi ƙasa da 10 ko ya yi sama-sama ba ya ɗaga ƙirji, a taimaka masa da jakar hurawa, sau ɗaya duk daƙiƙa 6.

Gargaɗi: idan numfashi yana ƙara wuya, gefe ɗaya ya yi shiru, jijiyoyin wuya sun kumbura, bugun jini yana ƙara sauri, to iska ce ta taru a ƙirji tana matse huhu da zuciya. Idan ka liƙe rami, ɗaga liƙin iska ta fita. Soka allura don sakin iskar aikin wanda aka horar aka kuma ba izini ne, idan ba ka cikinsu, tashi mota ka sanar da asibiti.

7. Zagayawar jini

A nan ne aka fi yin asarar mutane, domin jinin da ke kashewa sau da yawa ba a ganinsa. Babban mutum yana da kusan lita 5 na jini, kuma jikinsa zai iya rasa kusan kashi 30 cikin ɗari kafin awon jini ya faɗi. Wanda ke jiran awo ya sauka ƙasa da 90 kafin hankalinsa ya tashi, ya makara. Alamomin farko a hannunka suke. Kama wuyan hannunsa: bugun yana da sauri fiye da 100, siriri kamar zare? Fatarsa ta yi sanyi da gumi? Danna farce na daƙiƙa 5 ka saki, launin ya kamata ya dawo cikin daƙiƙa 2.

Littattafan horo sukan ce a duba ko fuska ta yi fari, wanda ga baƙar fata ba ya nuna komai. Ja fatar ido ta ƙasa ka duba cikinta, duba tafin hannu, cikin leɓe da harshe. Ga matan da suka sa lalle, farce ba zai nuna ba, sai a danna kan ƙashin ƙirji ko goshi.

Wani dare na hunturu mun je wani hatsarin bas, akwai saurayi da ƙashin ƙwaurinsa ya ɓullo waje yana salati da ƙarfi, sabon ma'aikacin da ke tare da mu ya zube a kansa yana gyara masa ƙafa. Can gefe wani dattijo yana zaune jingine da kwalbati, babbar rigarsa ko ɗigon jini babu, abin da kawai yake cewa a hankali shi ne, "Ɗana, a ba ni ruwa." Da na kama hannunsa sai na ji shi sanyi ƙalau, bugun yana gudu da ƙyar ake jinsa, gefen cikinsa na hagu ya yi tauri. Saifarsa ce ta fashe. Shi aka fara ɗauka, saurayin ya jira mota ta biyu. Tun daga ranar, duk wanda ya yi shiru yana neman ruwa, shi nake fara taɓawa.

Wuraren da jini ke ɓuya huɗu ne: ƙirji, ciki, ƙugu da cinyoyi. Karayar cinya ɗaya za ta iya shanye lita 1 zuwa 1.5, karayar ƙugu kuwa ta fi haka nesa. Idan ana zargin ƙugu, a ɗaure shi da maɗaurinsa ko zanen gado da aka ninke, a daidai ƙasusuwan da suka turo a saman cinya ta gefe, a haɗa ƙafafu a ɗaure.

Gargaɗi: kada a girgiza ƙugu don a gwada ko ya karye, domin hakan yana farfasa jinin da ya fara daskarewa. Kada a ba shi ruwa, madara ko lemo komai roƙonsa, domin wataƙila tiyata ke gabansa. Yara sukan riƙe awon jininsu daidai har sai sun kusa ƙarewa, tsofaffi da masu shan wasu magungunan hawan jini kuma bugunsu ba ya saurin tashi. Mai tsohon ciki a karkata ta gefen hagu don nauyin cikin ya sauka daga kan babbar jijiya.

8. Hayyaci

Matakai huɗu ne: yana farke, yana amsawa sai an kira shi, yana amsawa sai an matsa masa ya ji zafi, ko ba ya amsawa sam. Akwai kuma ma'aunin hayyaci da ake kira Gilasgo, wanda ya fi wannan zurfi, yana tafiya daga 3 zuwa 15, ido maki 4, magana 5, motsi 6, kuma wanda ya sami 8 ko ƙasa ba zai iya kare maƙogwaronsa ba. Haska tocila a idanun biyu, idan baƙin tsakiyar ido ɗaya ya buɗe ya ƙi tsukewa, jini na matse ƙwaƙwalwa. Ce masa ya matse yatsunka ya motsa yatsun ƙafa. A gwada sukari ga duk wanda hankalinsa ya gushe, domin wani direban faɗuwar sukari ce ta sa ya bar hanya.

Gargaɗi: mai sambatu ko faɗa kada a yanke masa hukuncin cewa ya sha wani abu. A ɗauka ƙarancin oksijin ne, ko zubar jini, ko raunin kai, har sai an tabbatar da akasin haka.

9. Buɗe jiki, sannan a rufe

Raunin da tufafi suka rufe ba a ganinsa, don haka a yanke su a duba, har da baya, hammata da tsakanin cinyoyi, musamman ga wanda aka harba ko aka soka. A nemi izini a kuma kiyaye mutunci: "Hajiya, ki yi haƙuri, zan duba cikinki da bayanki." Idan akwai ma'aikaciya mace ita ta yi, a sa mata su riƙe zane. Da an gama a cire jiƙaƙƙun kaya a lulluɓe da bargo, domin jikin da ya yi sanyi jininsa ba ya daskarewa, kuma al'adar kwara wa wanda ya suma ruwa tana ƙara ta'azzara wannan. Da rana kuma a ɗauke shi daga kan kwalta, tana ƙona fata.

10. A tafi ko a tsaya

Binciken da ke matakai na 4 zuwa 9, idan hannu ya saba, ba ya wuce minti biyu. Idan an sami matsala a ko ɗaya, ko yanayin hatsarin mai tsanani ne, a yi niyyar barin wurin cikin minti 10, sauran binciken a yi shi a mota. A ɗauke shi da mutum huɗu, mai riƙe da kai shi ke ba da umarni, kada a bari a yi masa ɗaukar hannu da ƙafa a cusa shi a adaidaita sahu. A nufi asibitin da ke da ɗakin tiyata da jini ko da ya ɗan fi nisa, domin tsayawa a ƙaramin asibitin da zai sake turawa gaba ɓata lokaci ne.

11. Daga kai zuwa ƙafa

Yanzu ne lokacin bi a hankali. Shafa ƙoƙon kai ka nemi lotsawa, duba kunne da hanci ko ruwa garai-garai yana fita, duba bayan kunne. Sauko wuya, ƙashin wuya, haƙarƙari, ka danna ciki kashi huɗu a hankali kana kallon fuskarsa. Bi kowane hannu da ƙafa, a ƙasan kowace karaya ka duba bugun jini, ji da motsi, kafin a sa karan ɗori da kuma bayan an sa. Abin da ya soke jiki ya tsaya, wuƙa ko rodi, ba a zare shi, ana tokare shi da bandeji. Kana yi kana tambaya: ina ke ciwo, akwai maganin da jikinsa ba ya karɓa, wane magani yake sha, yana da ciwon sukari, hawan jini, farfaɗiya ko sikila, yaushe ya ci abinci, me ya tuna kafin hatsarin. Idan 'yan uwa suka ce gida za su kai shi wajen mai ɗori, a yi musu bayani cikin ladabi cewa ƙashin zai jira, sai an tabbatar babu jini a ciki.

12. Maimaitawa da miƙawa

A sake duba hayyaci, numfashi, bugun jini, awo da bandeji duk minti 5 ga wanda ke cikin haɗari, duk minti 15 ga wanda ya daidaita, a rubuta kowane awo da lokacinsa. Awo ɗaya ba ya faɗin komai, amma bugun da ya tashi daga 96 zuwa 110 zuwa 128 labari ne cikakke. Duk lokacin da majiyyaci ya canza, a koma mataki na 4 a sake biyowa.

A Najeriya, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai bukatar kulawar gaggawa, kuma dokar 2017 ta wajabta kula da wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Ma'aikaci ya san wannan ya kuma faɗe shi a natse idan an tsayar da shi a ƙofa. Bayanin miƙawa kada ya wuce minti ɗaya, a jera shi haka: shekaru, lokacin hatsari, yadda ya faru, raunukan da aka gani, awo, abin da aka yi. Misali: "Likita, namiji ne mai kimanin shekara 30, ɗan acaɓa, mota ta buge shi ƙarfe 8:40 ba hular kwano. Akwai karayar cinyar dama da yanka mai zurfi a ƙwaurin hagu, cikinsa yana tauri. Bugu 124, awo 95 bisa 60, numfashi 26, yana amsawa sai an kira shi. Mun ɗaura tonike a ƙafar hagu ƙarfe 8:58, yana kan oksijin lita 15, ba a ba shi komai ta baki ba." A nuna wa nas toniken da yatsa kafin a bar ɗakin, a miƙa takardar awo, sannan a wanke mota a mayar da duk abin da aka ɗiba daga jaka kafin kira na gaba.